Daga Sifili Zuwa Goma

Idan gaskiyar da ke bakin mutum ita ce kuma za ta biya masa bukatarsa, faɗinta riƙon amana ne ko son zuciya? Na daɗe ina juya wannan tambaya ban samo mata amsa ba. Na dai san ta taɓa tsaya wa wani saurayi a maƙogwaro, a wani gidan ƙasa da ke bayan hasumiyar Gobarau.

Sunansa Umair, nas ne, ɗan Ƙofar Marusa. Aikinsa shi ne bin marasa lafiyar da asibiti ta mayar gida saboda magani ya kai iyakarsa. Ba warkarwa yake zuwa yi ba. Awo yake yi, ya rage wa mutum ciwo, ya zauna da dangi su ɗan yi magana.

Wata Litinin cikin damina ya jingine babur ɗinsa a ƙofar gidan Malam Sammani magini, ya yi sallama. Wadda ta leƙo zaure doguwar budurwa ce, gefen hijabinta a jiƙe, tana riƙe da kofin kunun da ba a sha ba.

"Kai ne na asibiti?"

"Ni ne. Ina kwana? Ya mai jiki?"

"Da sauƙi," ta ce. Ta ɗan dube shi. "Haka dai ake cewa."

Sunanta Madina. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, ita kaɗai ta rage a gaban Malam. Ta ajiye karatunta na koyarwa tun ranar da aka ce ciwon daji ne a hantarsa.

Malam Sammani yana kishingiɗe, carbi a hannu. Suka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi aiki, aka tambayi ruwa. Umair ya ɗaura masa abin awon jini a dantse, ya samu ɗari da goma bisa saba'in. Ya danna farcensa, ya saki, ya duba tafin ƙafarsa. Sannan ya gyara zama.

"Baba, idan sifili shi ne babu ciwo ko kaɗan, goma kuma ciwon da ba ka taɓa jin irinsa ba, yanzu kana kan nawa?"

"Alhamdulillahi."

"Na'am, Baba. Amma lamba nake so, da ita nake sanin yawan maganin da za a ba ka."

"Yaro, Wanda Ya ɗora mani Ya san nauyin abin. In ƙirga maka, ƙara na kawo gare ka ke nan? Rubuta alhamdulillahi."

Da Madina ta rako shi zaure, sai ta ce a hankali, "Bakwai ne."

"Ta ya kika sani?"

"Carbinsa. In ciwon ya lafa, ɗaya-ɗaya yake ja. In ya taso, sai ya riƙa tsallake. In kuwa ya dunƙule shi gaba ɗaya a tafin hannu, to ya wuce takwas. Yau tsallake yake."

Shekara shida Umair yana wannan aiki, bai taɓa jin awo mai kyan wannan ba. Ya tsaya yana kallonta har ta sunkuyar da kai. Don ya kori kunyar, sai ya miƙa babban yatsansa.

"Bari ni ma in koya miki nawa. Kin ga, sai ki danna farce har ya yi fari, ki saki, ki ƙirga. Kafin ki ce biyu ya kamata jini ya dawo. In ya fara jinkiri, ki kira ni."

Da haka ya karɓi lambarta. Don aiki, in ji shi.

Saƙonta na farko ya zo bayan kwana biyu.

"Salam. Yau ɗaya-ɗaya ya ja har la'asar, uku zan ce. Farce biyu. Ya sha rabin kofin kunu. Madina ce."

Ya amsa: "Madalla. Ke kuma kina kan nawa? Mai jinya ma ana auna shi."

Sai da aka yi sa'a guda amsa ta zo: "Ba a taɓa tambayata ba. Shida."

Daga nan saƙonni suka fara wuce carbi da farce. Tana kiransa Likitana, yana cewa shi nas ne, tana cewa a gidansu dai shi ne likita. Shi kuwa ya sa mata Zinariya. Duk Litinin da Alhamis, bayan ya gama awo, sukan tsaya a zaure minti goma, tana daga bakin ƙofar ciki, yana jingine da bango.

"Me ya sa kullum sai ka taɓa ƙafarsa?" ta tambaye shi wata rana. "Ciwon a ciki yake."

Ya ce, "Hanyoyin jini kamar garin nan suke. Akwai manyan tituna, akwai lunguna. In zuciya ta fara gajiya, jiki yakan toshe lungunan hannu da ƙafa, ya tattara jinin ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Shi ya sa ƙafa take fara sanyi."

"Tasa da ɗumi."

"Da ɗumi, Zinariya."

"To ka daina wannan fuskar, ka ce min wani abu mai daɗi."

"Tun safe na zaga gida huɗu, amma a nan kaɗai nake jinkirin nannaɗe abin awo."

Ta rufe baki da gefen hijabi. "Ashe na gane. Na ce wannan igiya ba ta da tsawon haka."

Wata biyu da fara zuwansa ya tura baffansa neman izinin aurenta. Ba shi kaɗai ba ne a layin. Nasiru, ɗan Gwaggo Hajo ƙanwar Malam, mai sayar da hatsi, ya shekara biyu yana jira, kuma ba mutumin banza ba ne. Buhun geron da ake dama wa Malam kunu ma shi ya kawo.

Amsa ɗaya Malam ya ba su duka. "A bari in miƙe. Da ƙahwata zan tsaya in bada ɗiyata, ba daga kwance ba." Ga baffan Umair kuwa ya ƙara da cewa, "Kuma wanda ya shigo gidana ta ƙofar ciwo, ban ga yadda za ya hita da amarya ba."

Kowa a gidan ya san Malam ba zai miƙe ba. Ba wanda ya isa ya faɗa.

"Ki yi masa magana mana," Umair ya ce mata a zaure.

"In ce masa me? Baba ka yi sauri?" Idonta ya cika. "Ka saurare ni da kyau, Likitana. Ba zan yi aure ba sai na ji daga bakinsa. In ya tafi bai ce ba, na haƙura da kai, na haƙura da kowa. Ba zan zauna a ɗakin da ya ce a'a ba."

Ya san ba barazana take yi ba. Ya hau babur ya tafi, a aljihun jakarsa akwai takardar da ta fi kowa sanin saura nawa.

Takardar awon ƙarfin jiki ce. Mai lafiya ɗari yake samu. Ana duba ko mutum yana tafiya, ko yana cin abinci, ko yana iya wanka da kansa, a rage gwargwado. Ranar farko Malam ya samu sittin. Yanzu talatin ne.

Wata Alhamis Umair ya manta takardar a kan tabarma. Gwaggo Hajo, wadda ta zo taya jinya, ita ta tsince ta. Ba ta karanta Turanci, amma ta san lamba, ta kuma ga kwanan wata a gefen kowace.

"Ke Madina, zo ki gaya mani. Sittin, hamsin, arba'in, talatin. Mi yake ƙirgawa haka yana sauka?"

Madina ta karɓa ta karanta. Ta juya bayan takardar inda aka yi bayanin kowane mataki, ta bi da yatsa har ƙasa. A gaban sifili kalma ɗaya ce: mutuwa.

"Ban gaya maki ba?" Gwaggo ta tafa hannu. "An ce mashi a'a, shi ne ya koma ƙirgar kwanakin yayana kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe! Yana shigowa da sallama da murmushi, ashe katangar da ta tare mashi hanya yake duba ranar faɗuwarta."

Madina ta kira shi a take.

"Tun yaushe ka san talatin ne?"

"Mako biyu ke nan."

"Ka tsaya a zaurenmu kana ce min Zinariya, kana sane?"

"Ba ki tambaye ni ba, ni kuma na ji tsoron..."

"Tsoron me?"

"In na faɗa, za a ce don a gaggauta aurena ne. In na yi shiru, ga shi."

"To wanne ne gaskiyar?"

A ransa ya san duk ranar da lambar ta sauka, abu biyu yake ji: tausayin tsohon, da fargabar rasa ta. Bai san wanne ya fi nauyi ba, kuma bai iya yi mata ƙarya ba.

Ta kashe wayar.

Washegari ya roƙi abokiyar aikinsa, Sista Fadila, ta karɓi gidan. Ya rubuta mata bayanin carbin a takarda, ya ja layi a ƙarƙashi. Ya tura wa Madina saƙo ɗaya.

"Na janye daga jinyar Baba don kada ki riƙa zargin hannun da ke auna shi. Sista Fadila ta fi ni ƙwarewa. Ki riƙa juya shi duk sa'a biyu, ki jiƙa masa leɓe da auduga. Ki ci abinci. Ban san amsar tambayarki ba, amma ban taɓa rubuta lambar da ba ita na gani ba."

Ba ta amsa ba.

Kwana goma sha biyu suka wuce haka. Yakan bi ta Gobarau ba tare da dalili ba, ya rage gudu a bakin lungunsu, ya wuce. Ita kuwa Gwaggo ta samu fili. Kullum sai ta kawo zancen Nasiru, har ranar da Nasiru da kansa ya ce, "Inna, ki bar yarinyar nan ta ji da abu ɗaya. Ni fa na ga inda idonta yake."

Da hantsin wata Laraba Madina ta zo juya mahaifinta, sai ta ji ƙafarsa da sanyi kamar randa. Ta kama babban yatsansa ta danna farcen, ta saki. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Sai a biyar jinin ya dawo, shi ma a kasalance. Carbin yana dunƙule a ɗaya hannun.

Ta rubuta wa Umair: "Farce biyar. Ƙafa sanyi har gwiwa. Sista ta tafi wani ƙauye. Ka zo."

Kafin minti ashirin yana zaure. Ba su gaisa ba. Ya durƙusa gaban gadon ya ɗaura abin awo: tamanin bisa hamsin. Ya maƙala 'yar na'urar iskar jini a yatsa, ta yi ta ƙyafta ido ba ta kama komai ba, jinin da ke isa can bai kai ta karanta ba. Ya duba tafin ƙafa ya ga ya yi dabbare-dabbare. Ya nannaɗe kayansa a hankali, bai ɗaga kai ba.

Malam Sammani ya buɗe ido. "Hajo, Madina, ku ba mu wuri."

Da suka fita ya ce, "Matso, yaro. Kwana biyu ka guje ni."

"Ban guje ka ba, Baba."

"Waccan matar hannunta sanyi." Ya numfasa. "Tambayarka zan yi, kada ka yi mani irin ta mutanen gidan nan. Zan miƙe?"

Umair ya auna maganar a ransa. In ya ce sai yadda Allah Ya yi, bai yi ƙarya ba, kuma ba wanda zai zarge shi. Tsohon zai ci gaba da jiran ranar tsayuwa, Madina kuma ta rasa bakin da take jira. In ya faɗi abin da ya gani, ya zama mai neman aure da ya ce wa uban yarinya lokacinka ya ƙure.

"Baba, rai a hannun Allah yake, ba ni da sanin gaibu. Amma abin da awo ya nuna min, ba za ka miƙe ba. Kwanaki ne, ba na jin za su kai mako. Kuma ka sani, wannan magana tana da amfani a gare ni, ka san abin da nake nema a gidan nan. Don haka kada ka yarda da ni. Ka jira Sista Fadila ta dawo jibi ta sake aunawa."

"In jibin ta same ni."



Tsohon ya daɗe yana kallon azarar ɗakin da ya gina da hannunsa. "Shekara arba'in ina gini. Katanga ba daga sama take mutuwa ba, daga gindi ruwa yake cin ta. Tun shekaranjiya na daina jin ƙahwata. Na sani. So nake in ga ko akwai mutum ɗaya da za ya iya gaya mani." Ya juyo da ido. "Ga ka, ga ni, ba kowa. Mi ya hana ka roƙe ni yarinyar?"

"Ba shi aka kira ni yi ba."

"Hm." Wani abu kamar murmushi ya ratsa fuskarsa, ciwo ya share shi. "Ba kai na ƙi ba. Na ga in na bada ta, na sa hannu ke nan a kan tahiyata. Kira mani Hajo. A gaya wa liman, gobe bayan azahar."

Ba a yi kamu ba, ba a yi lalle ba, ba a buga kati ba. Mutum goma sha ɗaya ne a zaure. An ɗauko Malam a kan katifarsa aka jingina shi da bango da matasai uku, don ya rantse da bakinsa zai bayar. Nasiru ne ya kawo goro da dabino, ya raba da hannunsa, ya zauna daga ƙarshen tabarma bai dubi kowa ba.

Da baffan Umair ya nema, sai aka yi tsit, don muryar Malam ba ta fita sosai. Liman ya kara kunnensa.

"Na ba shi. Na ba shi Madina. Allah Shi yi masu albarka, Shi ba su haƙurin juna, Shi sa su ga abin da ban gani ba."

Aka shafa fatiha. Daga cikin gida wata maƙwabciya ta ɗaga murya za ta yi guɗa, ta kai rabi ta tsaya. Madina tana bayan ƙofar zaure, ta ji kowace kalma. Gwaggo Hajo ce ta riƙe ta da ta sulale ƙasa, tana cewa, "Ya ce, ɗiyata, kin ji ya ce," ita ma tana kuka.

Bayan la'asar mutane suka watse. Umair ya same ta a tsakar gida tana wanke audugar jiƙa leɓe, da kayan da ta kwana da su.

"Amarya," ya ce.

"Kada ka sa ni dariya, ba ni da ƙarfinta." Ta share ido da bayan hannu. "Ba zan tare ba sai..."

"Na sani. Ni zan riƙa zuwa."

"Har yanzu ba ka amsa min tambayata ba."

"Har yanzu ban sani ba, Zinariya."

Ta dube shi, ta gyaɗa kai. "To mu shiga. Tun da aka dawo da shi carbin yake a dunƙule."

Suka shiga tare. Umair ya durƙusa daga gefen ƙafa, nesa kaɗan, irin zaman suruki. Ya fito da kwalbar maganin ciwo, ya dubi Madina don ta ba shi lamba kamar yadda suka saba.

"Bar kallonta," in ji Malam, idonsa a rufe. "Ni ke da ciwon."

"Baba?"

"Ba a kai wa baƙo kuka. Ɗa kuwa ana gaya mashi." Ya ja numfashi, ya sauke da ƙyar. "Alhamdulillahi. Tara ne. Ya kwana biyu a tara."

Madina ta toshe bakinta. Umair ya zuƙo maganin a sirinji har layin da bai taɓa kaiwa ba, ya matso kusa, ita kuma ta tallabo kan mahaifinta. Malam Sammani ya buɗe baki ya karɓa.